Mita Biyun Da Aka Rage

Shafi na 17

Masu tambaya ko da gaske an cire Guntuwa daga ƙungiya, ga amsarku.

*

Bakwai saura kwata Kyaftin ta tura ƙofar zauren wasan, dogon tef ɗin awon mijinta a cikin jaka. Babu kowa. Raga a sassauce, ƙwallaye a keji, warin roba da tsohon gumi ya cika wajen.

Takardar tana jikin allo, inda Koci ya manna ta jiya. Sunaye goma sha uku, kowanne da lambarsa a gaba. Goma sha biyu ne za su tafi gasar ƙwallon raga nan da kwana tara. Dokar Koci ɗaya ce, shekara goma sha ɗaya ba ta canza ba: wadda ta zo ƙarshe a gwajin numfashi ita ke zama a gida. Ƙarfe goma sha biyu na rana zai tura sunayen ga kwamiti.

Ta ƙarshe: Guntuwa, mai tsaron baya, mataki na tara da rabi. An ja mata jan layi.

Ta sama da ita: Kyaftin, mataki na goma.

Gwajin ba shi da wani sirri. A yi gudu daga layi zuwa layi, a taka layin kafin sifika ta yi ƙara. Kowane minti ƙarar na ƙara matsowa, wannan shi ne mataki. Wadda ta makara sau biyu a jere ta fita, a rubuta inda ta kai. Su kuwa shekara da shekaru daga ƙarshen filin zuwa ƙarshensa suke yi. Koci ya ce layi zuwa layi, su tashi.

Da safiyar nan ne abin ya fito, a kicin. Ta sauke sautin gwajin a wayarta don ta riƙa yi ita kaɗai, goman nan ba ta yi mata daɗi ba. Na wayar Koci kai tsaye yake farawa da ƙara. Nata sai ya fara da muryar wata mata tana bayani: a tabbata tsakanin layukan biyu mita ashirin ne cif.

Mijinta, mai sa tayil, yana ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa. Ya ɗago.

"Ashirin? Ku ina kuke samun ashirin a wannan zauren?"

"Injiniya, sha shayinka."

"Ni na sa tayil ɗin bayan gidan zauren naku. Bango zuwa bango ashirin da ɗaya ne da ɗan kai. Filin naku nawa ne?"

Sha takwas. Tun tana 'yar shekara tara ta san wannan. Abin da ba ta taɓa sani ba shi ne gwajin ashirin yake so.

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yi lissafi a jikin kwalin tayil. A kowane taku goma, ɗaya kyauta aka ba su. Gomanta, in an kai shi ashirin, bakwai da rabi ne.

Sai ta tuna da Guntuwa. Ranar gwajin tana kan aiki a asibiti, ba ta samu zuwa ba. Koci ya ce ta je filin wata makaranta ta yi a gaban malamin wasanninsu, ya sa hannu ta kawo. Ta dawo tana cewa filin can ya fi nasu tsawo. Doguwa, babbar mai dukan ƙwallonsu, ta ce da waɗannan ƙafafun ai ko tabarma doguwa ce. Aka yi dariya har da tafi. Kyaftin ma ta yi.

Yanzu ta durƙusa a ƙarshen filin, ta danne bakin tef ɗin da gorar ruwa, ta ja shi ta ƙarƙashin raga har ɗaya ƙarshen. Ba don tana shakka ba. So take ta gani da idonta.

Sha takwas.

Ta naɗe tef ɗin. Daga sito ta ji ƙarar famfo. Koci ya iso ta ƙofar baya ke nan.

*

Yana zaune a kan akwatin magani, ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa, yana ba ta iska. Usur a wuya kamar kullum. A gida Baba ne. A nan Koci ne, tun ranar da ya fara miƙa mata ƙwallo.

"Kin yi sammako, Uwata."

"Ina kwana, Koci."

"Koci tun ba a hura usur ba? To. Lafiya dai?"

Ta ajiye tef ɗin a kan tebur, kusa da allunan maki.

Ya kalle shi. Ya ci gaba da famfo. Bai tambayi na mene ne ba.

Nan ta gane.

"Ka sani."

"Miƙo min waccan, ta yi laushi."

"Ka sani, Koci."

Ya zare allurar, ya matsa ƙwallon da babban yatsa, ya jefa ta keji.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe. Ba ta zauna ba.

"Shekarar da na karɓi ƙungiyar nan na auna ashirin," ya ce. "Ki je ki duba abin da ya rage tsakanin layi da bango. Rabin mita. Wata yarinya ta zo da gudu a mataki na tara, ta kasa tsayawa, ta tare bango da hannu. Wuyan hannun ya karye. Ba ta sake buga ƙwallo ba. Ke kina aji lokacin, ba ki gani ba."

"Akwai filin ajiye motoci."

"Da safe cike yake."

"Yau babu ko keke."

Ya share wannan.

"Na mai da shi sha takwas, na ce zan riƙa ragewa a takarda. Shekarar farko na rage. Ta biyu na rage. Kwamiti suka kalli lambobinmu, suka kalli na wasu ƙungiyoyi, suka ce 'yan wasana ba su da numfashi, a nemo wani koci. Shekara ta uku na rubuta abin da sifika ta ba ni."

"Suka tafa maka."

"Har da takardar yabo. Tana falo, ke kike goge mata ƙura." Ya ɗauki wata ƙwallon. "Ki faɗa min wa na zalunta. Duk sha takwas kuke gudu. Ta farko ta farko ce, ta ƙarshe ta ƙarshe ce."

"Sai bana."

Famfon ya tsaya.

"Sai bana," ya ce.

"Malamin can ashirin ya auna mata. Ka sani?"

Ya buɗe fayil ɗin da ke kan tebur, ya zaro takardar Guntuwa, ya miƙa mata. An ninke ƙasanta an danne da ƙusar takarda. Ta ɓalle ta buɗe. Da rubutun malamin, ƙarami, tsaf: tazara mita ashirin, an auna da tef.

Ninkin ya yi kaifi. An bi shi da farce.

"Tara da rabinta," ta ce, "a filinmu kusan sha biyu ne. Yarinyar nan ta fi kowa numfashi a ƙungiyar."

"Na iya lissafi."

"Ka ja mata jan layi."

"Da wa kike so in ja wa?"

Ya miƙe tsaye. Har yanzu ya fi ta tsawo, ko da bayan ya fara ranƙwafawa.

"Ki faɗa mana. Wa ke sama da ita? Shekararki talatin da ɗaya. Wata takwas da haihuwa kika dawo fili, ni na san abin da kika sha kafin ki dawo. Wannan ce gasarki ta ƙarshe, ke da bakinki kika faɗa wa mahaifiyarki. Mai tsaron baya, in na leƙa kowace makaranta zan samo. Mai ɗaga ƙwallo irinki a ina ake samu? Ke kaɗai kike kallon masu tare raga ki san inda za su yi tsalle kafin su sani."

"Gaskiya ne."

"To?"

"Wasa nawa muka rasa a zagaye na biyar bara?"

Ta ba shi amsar da kanta.

"Shida. Na ƙirga. Huɗu daga ciki muna kan gaba biyu da ɗaya. 'Yan mata suka ce rashin sa'a, kwamiti suka ce alƙalan wasa. Babu wanda ya ce numfashi, tunda takarda ta ce muna da shi buhu-buhu. Wata uku muna tsalle a kan akwati, muna ɗaga ƙarfe, gudun nesa sau ɗaya a mako, shi ma da hira. Me za mu yi da gudu? Ai mu 'yan sha ɗaya ne, 'yan sha biyu."

"Ƙwallon raga ba tsere ba ne. Daƙiƙa nawa ƙwallo ke yi a sama?"

"Kai ka koya min amsar. Ba lokacin da take sama ba ne, lokacin da take ƙasa ne. Daƙiƙa goma sha biyar kafin a sake bugowa. Mai numfashi ta dawo daidai a cikinsu. Maras shi ta shiga na gaba da gajiyar na baya. Awa biyu a haka."

"Karatuna kike maimaita min?"

"Ka tuna ƙwallon ƙarshe a wasan kusa da na ƙarshe? Kowa ya ce Doguwa ce ta buga waje. Mako biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Ni ce. Na ba ta ƙwallon ƙasa da tafin hannu biyu, kuma nesa da raga. Hannuna lafiyarsa lau. Ƙafata ce ta makara, ban shiga ƙarƙashinta ba. Tun maki na takwas nake jin numfashina a kunne. Ka gani. Kana tsaye nan gefe."

"Na gani."

"Guntuwa kuwa tana bayana tana ihu. Tawa ce, bar min, tawa ce. A zagaye na biyar. Wanda yake da iskar ihu a lokacin nan, ba shi ake bari a gida ba."

Ya koma ya zauna a kan akwatin. Ya shafa kansa.

"Shi ke nan. A bar dokar bana. Ni ne koci, in zaɓa da idona. Guntuwa ta dawo, Auta ta zauna. Yarinya ce, shekararta sha tara, tana da gasa goma a gaba."

Auta ita ce mai ɗaga ƙwallo ta biyu. Goma da kwata ta yi.

"A'a."

"Uwata."

"Da dokar nan ka zaunar da 'yan mata goma. Ɗaya a cikin siton nan ta yi kuka, ni na riƙe mata jaka. Ka ce mata ba kai ka cire ta ba, sifika ce. Ba za a canza ta ranar da ta zo kaina ba."

"To me kike so?"

"A sake. Mu goma sha uku, yanzu, a waje. Ashirin, da tef ɗin nan. Kuma kai za ka faɗa musu dalili."

"In na ƙi fa?"

"Ƙarfe takwas za su ji daga bakina."

"Ubanki za ki tona wa asiri a gaban yara?"

"Ubana yana gida, anjima zan kai masa maganin gwiwa. Da Koci nake magana."

Ya ture famfon gefe. Daga zauren aka fara jin ƙarar kambas da muryoyi.

"Kin san ke za ki faɗi."

"Wataƙila. Kwata ce tsakanina da Auta. Ita tana juyi kamar tirela, ni na san yadda ake taka layi da ƙafa ɗaya. Ba kyauta zan ba ta ba. Sai ta ƙwata."

Ya ɗauki tef ɗin, ya juya shi a hannu.

"Na mijinki ne?"

"Ya ce a dawo masa da shi kafin azahar."

*

Guntuwa tana bakin ƙofar zauren da kayan gida, jesinta a ninke cikin leda. Idonta a bushe, amma ta ƙi kallon allon.

"Yaya Kyaftin, ga jesin. Na wanke."

"Kambas ɗinki fa?"

"Suna jaka. Kabad ɗina na zo kwashewa."

"Sa su."

"An cire ni, Yaya."

"Sha biyu za a cire ki. Yanzu takwas saura. Kin ci wani abu?"

"Shayi da burodi, tun shida."

"Ya yi. Sa su."

A filin ajiye motoci Kyaftin ta riƙe bakin tef, Maigadi ya ja ɗaya ƙarshen, Koci ya ja layi biyu da alli a kan siminti. 'Yan matan sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Yau kuma gini za mu yi?" in ji Doguwa. "Koci, in bulo ne ni bayana yana ciwo."

Koci ya kakkaɓe allin daga hannunsa.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Gwajin nan mita ashirin ne. Ni na sa ku kuna yin sha takwas, kuma na sani. Guntuwa kaɗai ta yi ashirin. Lambobin da ke jikin allo ba naku ba ne. Laifina ne. Za a sake. Doka tana nan, ta ƙarshe ta zauna."

'Yan matan suka kalli juna. Sai ƙarar wata mota can a titi.

Guntuwa ta juya a hankali ta kalli Doguwa.

"Tabarma, ko?"

"Ke, ni ina na sani?" Doguwa ta dafe ƙirji. "Wato sha ɗaya da rabin nan da nake cika wa saurayina kunne da shi, aro ne? Wallahi har a waya na sa."

"Goge shi kafin ya gani," in ji wata daga baya.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta iya karanta allo kamar kowa, ta san su wa ke ƙasa in an ɗauke Guntuwa. Ta matso kusa da Kyaftin, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, ni da ke ne ke nan."

"Ni da ke ne."

"Ni zan iya haƙura. Baɗi ma..."

"In na ga kin rage gudu saboda ni, har gida zan bi ki in yi miki rashin mutunci a gaban mamanki. Ɗaure igiyarki, ta kwance."

Minti goma na ɗumama jiki. Koci ya tsaya a layin farko da usur da allon rubutu. Maigadi ya tsaya a na biyu, an ce masa ya kira lambar duk wadda ta makara. Kyaftin ta ɗora wayarta a kan sifika. Muryar matar ta fito, ta ce mita ashirin cif, kowa ya ji.

Ƙara.

Matakin farko tafiya ce da sauri. Doguwa tana waƙa. A na uku ta daina. A na huɗu aka fara jin bambancin, mita biyun nan da ba a taɓa taka su ba suna jira a ƙarshen kowane zuwa. Inda ƙafa ta saba juyawa, sai ta tarar da sauran tafiya.

Kyaftin ba ta ɓata taku ko ɗaya ba. Ta isa layin daidai da ƙarar, ba kafin ta ba. Ƙafar dama ta taɓa, kafaɗa ta riga ta juya. Wannan zuwan dama, na gaba hagu, don kada gwiwa ɗaya ta ɗauki nauyin duka. Auta a gefenta tana zagaye kamar mai neman wajen fakin, tana asarar taku biyu a kowane juyi. Amma huhun sha tara ne. Tana asara tana mayarwa.

Mataki na shida. Simintin ya fara zafi ta ƙasan kambas.

Mataki na bakwai.

Ga shi nan. Numfashin a kunne, irin na zagaye na biyar. Ta san shi kamar muryar maƙwabciya. Cinyoyi suka yi nauyi, layin allin ya fara ja da baya. Daga can hagu Guntuwa tana gudu kamar an aike ta shago, har tana da bakin magana.

"Doguwa, ɗaga ƙafa mana! Ina tsawon?"

Zuwa na biyar. Na shida. Kyaftin ta wuce inda fensirin mijinta ya ce za ta tsaya, ta ji daɗin haka, ta ajiye shi gefe. Na bakwai.

Na takwas ya kai su layin Maigadi. Ƙara ta riga ta.

"Lamba huɗu!" Maigadi ya kira lambarta, ya ɗaga hannu. "Saura ɗaya!"

Ta taka, ta juya. Yanzu dole ta cike abin da ta rasa, kuma ta isa layin Koci kafin ƙara. Ta sunkuyar da kai, ta zuba duk abin da ya rage. Auta tana gabanta da kafaɗa ɗaya, bakinta a buɗe, ita ma ta kusa ƙarewa. Taku huɗu. Uku. Kyaftin ta miƙa ƙafa.

Ƙara.

Kambas ɗinta ya sauka. Tsakaninsa da allin faɗin tafin hannu.

Ta gani. Ta ɗago, Koci ma ya gani. Babu wani. Sauran sun riga sun juya, Maigadi yana nesa da mita ashirin.

Usur yana bakinsa. Bai hura ba.

Ƙafarta ta ƙarasa ta taɓa layin, jikinta ya juya da kansa, kamar yadda aka koya masa. Tana gudu, bayanta gare shi. A gabanta Auta tana tangaɗi, da gani wannan zuwan ko na gaba za ta zube. In aka yi shiru na daƙiƙa goma kacal, Kyaftin ta tafi gasa.

Ta ba shi dama har ta kai tsakiyar fili. In bai hura ba za ta tsaya da kanta ta ɗaga hannu. Za ta ci gaba da kai masa magani, za ta ci gaba da gaishe shi da safe. Amma ba za ta sake kiransa Koci ba.

Taku ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Usur ya tsaga filin.

"Lamba huɗu." Muryar ba ta yi rawa ba. "Fita."

Ta fita gefe. Ba ta dafa gwiwa ba, ta ɗora hannu biyu a ka kamar yadda take sa ƙananan su yi, tana takawa a hankali. Bakwai da zuwa tara. Ya rubuta ba tare da ya kalle ta ba.

Zuwa biyu bayan haka Auta ta zube a gefen layi. Biyu kacal. Kyaftin ta lura da wannan, ta haɗiye shi, ta je ta ɗaga ta.

"Tashi, kar ki kwanta. Taka."

"Anti, ki yi haƙuri..."

"Kin ci, ba a ba ki ba. Juyinki kuwa abin kunya ne, yau za mu fara da shi."

Daga nan suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Doguwa ta kai takwas da rabi, ta fito tana zagin wanda ya ƙirƙiro mita. 'Yan sha biyun jiya suka tsaya a tara. A ƙarshe Guntuwa kaɗai ta rage a fili, ƙananan ƙafafun suna zuwa suna dawowa, sauran sha biyun suna ƙirga mata da ihu. Ta taka goma, ta ƙara zuwa uku, ta tsaya. Minti ɗaya bai cika ba ta dawo da numfashinta.

"Na gaya muku filin can dogo ne," ta ce.

Doguwa ta cire hular kanta ta jefe ta da ita.

Koci ya zo da sabuwar takarda. Sunaye goma sha uku da sababbin lambobi. Ya ciro jan biro, ya tsaya. Kyaftin ta zo ta tsaya kusa da shi har ya ja layin. Ya ja shi a miƙe.

"To wa zai ɗaga mana ƙwallo?" in ji Doguwa. Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Ga ta nan." Kyaftin ta nuna Auta da haɓa. "Kwana tara gare mu. Ba za ta zama ni a kwana tara ba, amma za ta kai zagaye na biyar a tsaye. Ku kuma kada wadda ta yi mafarkin za a gyara huhu a mako ɗaya. Wannan aikin bayan gasa ne, wata uku, safe da yamma. Yanzu dai mun san inda muke, za mu san lokacin canji da lokacin neman hutu. Guntuwa, ina jesin?"

"Yana leda."

"Ciro shi. Kuma ki..."

Hon ɗin mota ya katse ta.

Baƙar mota ce a bakin get, tana neman shiga, layin alli ya ratsa daidai inda take fakin kullum. Maigadi ya ruga ya buɗe. Ciyaman ɗin kwamiti ya fito, fayil a hammata. Ba sha biyu ya jira ba, ya biyo ya karɓi sunayen da kansa.

Ya kalli 'yan matan a jiƙe da gumi. Ya kalli tef ɗin da ke kwance a kan siminti. Ya miƙa hannu, Koci ya ba shi allon rubutun.

Ya karanta. Ya buɗe fayil ɗinsa ya zaro ta makon jiya, ya haɗa su gefe da gefe.

"Koci. Nan sha ɗaya, sha biyu. Nan takwas, tara. Mutum ɗaya, mako ɗaya." Ya ɗago. "A cikin takardun nan biyu, wacce ce ta ƙarya?"

Kyaftin ta yi taku ɗaya gaba. Koci ya tare ta da hannu.

Ya kama igiyar usur ɗin, ya zare ta ta kansa. Ba ta taɓa ganin ya cire shi a gaban 'yan wasa ba. Ya buɗe tafin hannunta ya sa mata, da ɗuminsa.

"Riƙe min wannan, Kyaftin. Ki shiga da su, a fara da karɓar ƙwallo."

Sannan ya juya ga Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, mu je ofis. Ba takarda ɗaya ba ce. Tara ne, na shekara tara."